H. R. Palmer: Baƙon da Ya Sake wa Ƙasar Katsina Fasali

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, saboda haka a wannan fitowa filin tarihi zai waiwayi wani Bature wanda yawancinmu mun ji sunansa a aji, muka rubuta shi a jarrabawa, muka wuce ba tare da mun san asalinsa ko ƙarshensa ba. Wannan kuwa shi ne Herbert Richmond Palmer.

A ƙasashe irin su Kenya da Rodeshiya, Turawan Ingila sun je da iyalansu, suka kama gonaki, suka zauna daram. A nan Arewa ba a yi haka ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa filaye a hannun Gwamna a matsayin amanar 'yan ƙasa, don haka Turawan da muka sani ma'aikata ne da 'yan kasuwa, masu zuwa su koma. Palmer ya yi shekara 26 yana aiki a Nijeriya, bai bar gona ko zuriya a nan ba. Amma gadon da ya bari a ƙasar Katsina har yau muna cikinsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Palmer ran 20 ga Afrilu, 1877, a garin Lancaster da ke arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa, Robert Palmer, limamin coci ne. Mahaifiyarsa, Mary Chippendall, ta fito daga zuriyar John Higgin, wanda ya daɗe yana riƙe da gidan yarin da ke cikin tsohuwar ganuwar Lancaster. Wato dai gida ne na masu rufin asiri da ilmi, ba gidan sarauta ba. Irin waɗannan gidaje su ne suka riƙa ba Ingila samarin da ta aika mulkin ƙasashen da ta mallaka.

Ya yi sakandare a makarantar Oundle, daga nan ya shiga Jami'ar Cambridge a 1896, inda ya karanta harsunan Latin da Girkanci na dā, ya ƙara da ilmin shari'a. Ya yi suna a wasan ƙwallon zari-ruga har ya wakilci jami'arsa a 1899. Kafin ya samu aiki tsayayye, ya taɓa tafiya Amurka yana aikin zuba kwal a tukunyar jirgin ruwa a maimakon kuɗin jirgi. A 1904 ya zama cikakken lauya, kuma a shekarar nan aka ɗauke shi Mataimakin Razdan a Nijeriya ta Arewa, ƙarƙashin Gwamna Lugga. Shekarunsa 27.

Katsinar da Ya Tarar

Lugga ya shiga birnin Katsina a 1903 ta Ƙofar Yandaka, Sarki Abubakar ɗan Ibrahim ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Sarkin jinin Malam Ummarun Dallaje ne, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadi. Amma zaman bai yi daɗi ba, domin kafin a cika shekara biyu Turawa sun tuɓe Abubakar, suka naɗa Muhammadu Yero daga gidan Dallazawa. A zamanin Yero aka turo Palmer Katsina.

A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi tawaye, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. Hankalin Turawa ya tashi ko'ina a Arewa. A Katsina aka nemi a gina wa sojoji wurin tsaro da gaggawa. Palmer ya zargi Sarki Yero da jan ƙafa, Durbin Katsina Muhammadu Dikko kuwa ya tara mutane aka gama aikin. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamba, an tuɓe Yero bisa shawarar Palmer, aka ba Dikko riƙo, sa'an nan aka tabbatar masa da sarauta a farkon 1907.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna girman wannan al'amari. Saurayi ne da bai cika shekara 30 ba, wanda bai fi shekara biyu da sauka ƙasar ba, ya kawo ƙarshen mulkin gidan da ya shekara kusan ɗari bisa gadon sarauta, ya mayar da ita gidan Sulluɓawa. Dikko ya yi sarauta har 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Wanda ya duba ta fuskar Dallazawa zai ga ƙwace ne da ƙarfin bindiga. Wanda ya duba ta fuskar abin da Dikko ya yi wa Katsina wajen ilmin zamani da tsarin mulki zai ce an dace da mutum. Duka biyun suna da hujja, kuma ɗalibin tarihi na gaskiya ba ya ɓoye ɗaya don ya gyara ɗaya.

Gunduma da Baitulmali

Kafin Turawa, yawancin masu riƙe da ƙasa a birni suke zaune kusa da Sarki, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa da jangali. A zamanin Palmer da Dikko aka harhaɗa garuruwa gunduma-gunduma, kowace da iyakarta, aka ce kowane hakimi ya zauna cikin ƙasarsa, aka kawar da jakadu. Tsarin da muka tashi muka tarar, na Yandaka a Dutsin-Ma da Maradi a Kurfi, kowanne da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa, sarautunsa tsofaffi ne, amma fasalin gundumar na wancan zamani ne.

Abu na biyu shi ne baitulmali. Dā, kason Sarki na haraji hannunsa yake shiga, ya yi kyauta da hidima yadda ya ga dama. Palmer ya shawo kan Dikko a riƙa zuba kason a asusu guda, a yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya saura a yi ayyukan jama'a da shi. A Katsina aka fara gwada wannan, kuma wajen 1911 ya bazu zuwa sauran masarautu, aka ma ɗora Palmer bisa kula da harajin Arewa. Daga nan En'e ta samo ƙarfinta. Sai dai talaka ya ji a jikinsa, domin haraji ya koma na kuɗin Bature, ana ƙidaya ana rubutawa, ba wurin ɓuya. Sarki kuma ya zama mai karɓar albashi, wanda Razdan ke duba masa lissafi.

Daga Barno zuwa Kaduna

A 1917 Palmer ya zama Razdan na Lardin Barno. A 1918 ya ratsa Wadai da Darfur har birnin Hartum na Sudan, inda ya ga Kwalejin Gordon. Ana danganta wannan ziyara da shawarar kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Barewa. A can Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, haka ma Isa Kaita, wanda Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma ke amsa sunansa.

Daga 1925 zuwa 1930 shi ne Laftanan Gwamna na Lardunan Arewa. Ya tsaya kai da fata a bar Arewa da sarakunanta, kada Ikko ta riƙa tsoma baki. Ko da yake ɗan limamin coci ne, yana cikin waɗanda suka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen Musulmi, don gudun abin da zai girgiza mulki.

Ya kuma tara rubuce-rubucen tarihi da taimakon malamai. Shi ya fassara tarihin sarakunan Kano zuwa Ingilishi a 1908, ya fitar da Sudanese Memoirs a 1928. Sai dai ya cika jingina asalin sarautunmu ga baƙi fararen fata daga gabas ko arewa, ra'ayin da masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka rushe da hujjoji. Abin lura, shi Bala Usman jikan Sarki Dikko ne.

Iyalinsa da Ƙarshensa

Palmer bai yi aure ba sai 1924, yana da shekara 47. Matarsa, Margaret Isabel, 'yar gidan Abel Smith ce, sanannen gidan masu banki a Ingila. Sun haifi 'ya'ya mata biyu. A 1930 aka mayar da shi Gwamnan Gambiya, a 1933 kuma Gwamnan tsibirin Kubrus da ke Bahar Rum.

A can ya tarar da mutanen da suka yi bore a 1931, suka ƙona gidan Gwamna, aka rushe majalisarsu. Ya mulke su ba zaɓe, ba izinin taro, jaridu a ɗaure, har 1939. Har yau Girkawan Kubrus suna kiran waɗannan shekaru da sunansa, suna nufin zamanin danniya. Ashe hannun da ya yi aiki a Katsina a bayan rawani, a Kubrus ya fito fili kowa ya gan shi. Ya koma Ingila ya zauna a garin Keswick, ya mutu ran 22 ga Mayu, 1958, shekara biyu kafin Nijeriya ta samu 'yanci.

'Yan'uwa, an ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓa kam ta bushe tuni, amma abin da ta jiƙa ya tsiro, mu ne kuma ke zaune a gindinsa. Abubuwa da yawa da muke ɗauka tun fil azal haka suke, mutane ne suka zauna suka tsara su, a shekarar da aka sani, saboda dalilin da aka sani. Wanda ya gane haka zai san abin da ya cancanci riƙo da abin da ke bukatar gyara. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, amin.