Titin da aka ƙwace wa motoci cikin kwana uku

1/ Duk sanda aka ce a rage motoci a tsakiyar gari, sai ka ji an ce ai 'yan kasuwa ba za su yarda ba. Ni kuwa Curitiba nake tunawa, wani birni a kudancin Brazil.

2/ A 1972 magajin garin, Jaime Lerner, masanin zanen gine-gine, ya ƙudurta hana mota bin Rua XV de Novembro, babban titin kasuwancin birnin. Masu shaguna suka ce sam, kotu za ta raba su.

3/ Sai ya sa aka fara aikin daren Juma'a, bayan kotuna sun tashi. Cikin awa 72 an shimfiɗa duwatsu, an kafa fitilu, an jera kujeru da tukwanen furanni. Gaskiya akwai ƙarfa-ƙarfa a ciki, lokacin mulkin soja ne, shi kansa naɗa shi aka yi.

4/ Masu motoci suka shirya jerin gwano, za su ratsa titin ko ana so ko ba a so. Da isarsu sai suka tarar an baza doguwar takarda a ƙasa, yara sun zazzauna suna zane da fenti. To wa zai bi ta kan yara? Haka suka juya.

5/ Da ciniki ya ƙaru, masu shagunan da kansu suka nemi a ƙara tsawon wurin.

6/ Ni dai a ganina abin da ya riƙe tsarin shi ne na 1974, da aka ware wa bas-bas hanyarsu su kaɗai, cunkoso bai tare su. Irin wannan tsarin ne Legas ta fara a 2008, wato BRT.