Turakun da ba sa taɓa layi: tarihin lanƙwasa daga tashar jirgi zuwa Zango

Duk wanda ya bi titin Nima ya gangara Maamobi ya ɓulla New Town, inda ɗab'i ya yi sansani a birnin Akra, wanda mu 'yan Zango muke kira Ankara, zai ga samari sun duƙufa gaban kwamfuta suna shirya banar Maulidi, ko katin biki, ko rubutun da za a manna wa turoturo. Yaro zai kama wani ɗan ɗigo da linzamin kwamfuta ya ja shi gefe, sai layin ya lanƙwashe ya biyo shi kamar akuyar da aka ja wa igiya. Ni turke nake kiran ɗigon nan, don yakan tsaya a gefe ne, amma shi ke iko da layin. Abin da nake so mu duba, mai karatu, shi ne inda turakun nan suka samo asali, da kuma sunan wa aka manta a hanya.

Matsalar tsohuwa ce. Miƙaƙƙen layi ana samunsa da zare, da'ira kuma da ƙusa da igiya. Amma cikin jirgin ruwa ba miƙaƙƙe ba ne, ba kuma da'ira ba. Maƙeran jirage a Turai sukan shimfiɗa siririyar tsinkiyar katako mai lauɗi a daɓen ɗaki, su danne ta nan da can da curin darma da suke kira agwagi saboda siffarsu. Katakon da kansa zai nemi lanƙwasa mafi santsi tsakanin agwagin. A gusar da agwagwa ɗaya, cikin jirgi ya sake kama. Illar dabarar ita ce siffar tana zaune ne a jikin katako da idon gwani. In ɗakin ya ƙone ko gwanin ya mutu, shi ke nan.

Masu lissafi sun riga masu ƙira isa wurin. A 1912 Sergei Bernstein ya fitar da wani jerin lissafi don tabbatar da wata ƙa'ida, ba tare da mota ko jirgi a ransa ba. A 1946 Isaac Schoenberg a Amurka ya mayar da tsinkiyar katakon nan lissafi. Amma buƙata ce ta haɗa su da masana'anta. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara samun injunan sassaƙa ƙarfe masu bin umarnin lambobi, alhali jikin mota har lokacin da yumɓu da katako ake fasalta shi. Inji ba ya jin "ɗan ƙara lanƙwasa nan", lamba yake so.

A nan mutum biyu suka shigo, dukansu a Faransa. Paul de Casteljau, matashin masanin lissafi, ya kama aiki a kamfanin Citroën a 1958, kuma a 1959 ya gano hanyarsa. Hanyar tana da sauƙin da za ka gwada ta a kan rairayi. Kafa turaku huɗu, ka haɗa su bi da bi da layi uku. Nemi tsakiyar kowane layi, ka sami ɗigo uku. Haɗa su, ka nemi tsakiya, ka sami biyu. Haɗa biyun, ka nemi tsakiya, saura ɗaya. Wannan ɗayan yana kan lanƙwasar. Maimaita da kashi ɗaya cikin huɗu, da uku cikin huɗu, haka haka, sai layin ya bayyana. Zai tashi daga turken farko ya sauka a na ƙarshe, biyun tsakiya kuwa janyo shi kawai suke yi.

Citroën ta ɗauki aikin a matsayin sirrin kasuwanci ta kulle shi. Shi kuwa Pierre Bézier, injiniyan Renault da ya yi shekara 42 a kamfanin, ya isa ga irin wannan layi ta tasa hanyar, kuma an bar shi ya wallafa. Tsarinsa mai suna UNISURF ya fara aiki a 1968. Sai a 1975 wani Bajamushe, Wolfgang Boehm, ya samo rahotannin de Casteljau, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: duniya ta san layin da sunan Bézier. De Casteljau ya rasu a 2022, galibin masu cin abinci da dabararsa ba su taɓa jin sunansa ba.

Daga layi aka koma fuskar abu. In aka jera turaku 16, huɗu sau huɗu, za su riƙe wani ƙyalle na lissafi. Ɗaga turke ɗaya, ƙyallen ya yi tozo a wurin. A 1975 Martin Newell a Jami'ar Utah ya ɗinka irin waɗannan ƙyallaye ya fitar da butar shayi, wadda ta zama abin gwaji ga masu zanen kwamfuta har yau. A shekarar ce Ken Versprille a Jami'ar Syracuse ya rubuta kundin da ya share fage ga tsarin NURBS, inda kowane turke ke da nauyinsa, kuma gusar da shi ba ya taɓa sai sashen da ke kusa. Ka ga agwagin darma sun dawo ke nan. Kamfanin Adobe ya sa layin Bézier a PostScript a 1984, CorelDRAW ya fito a 1989, daga nan abin ya gangaro har shagunanmu. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da kake karantawa yanzu ma turaku ne suka lanƙwasa ta.

To ina muke a cikin labarin? Kakanninmu da suka zo fataucin goro ba su zo hannu sake ba. Mai zanen babbar riga da ke fitar da aska takwas da tambari, da malamin da ke zayyana allo, da mai rubuta allon shago da buroshi, duk sun san lanƙwasa da ido da hannu, kamar maƙeran jirgin can. A ganina matsalarsu ma iri ɗaya ce: siffar tana tare da gwanin. Yau injin aiki mai kwamfuta yana cika gaban riga cikin sa'o'i, inda hannu kan ɗauki makonni, kuma sau da yawa zanen da yake bi wani ne ya kwafe shi ya mayar turaku, ba a san wanda ya fara zana shi ba.

A Old Fadama, bakin tafkin Korle, abin ya fi fitowa fili. Shekara da shekaru samari daga arewacin Gana suna farfasa motoci da kwamfutoci a kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie, wasu na narka alminiyam suna zuba tukwane a mazubin yashi. Hannunsu ya san kowace lanƙwasa da aka zana a ƙasashen waje. DK Osseo-Asare da Yasmine Abbas sun kafa Agbogbloshie Makerspace Platform don haɗa waɗannan maƙera da ɗaliban zane da injiniyanci. Ranar 1 ga Yuli, 2021, hukuma ta rushe kasuwar, masu sana'ar suka watsu.

Darasin da na ɗauka daga Citroën da Renault shi ne wanda ya rubuta ya baza, sunansa ke zama. Saboda haka kirana ga matasan Nima da Maamobi da Sabon Zango masu iya jan turke: ku je wurin tsofaffin masu zanen riga tun suna raye, ku nemi izininsu, ku ɗauki zanensu a kwamfuta, ku rubuta sunan kowane zane da sunan mai shi da garin da ya koyo shi, ku kuma ba shi kasonsa in zanen ya kawo kuɗi. Allah Ya sa mu dace.