Tarihin gano yadda ake kulle kromosom X a jikin mace

Mace tana da kromosom X guda biyu a kusan kowace ƙwayar halittar jikinta, namiji kuwa ɗaya tak. Don kada aiki ya ninku, tun farkon shigar ciki ake kashe ɗaya, kuma haka zai zauna shiru har ƙarshen rayuwa.

A 1949, a Kanada, Murray Barr da ɗalibinsa Ewart Bertram suka hango wani ɗan baƙin ɗigo a ƙwayoyin jijiyar kyanwa, wanda babu shi a na muzuru. Shekara goma bayan nan Susumu Ohno ya nuna cewa ɗigon X ne guda ya dunƙule. A 1961 Mary Lyon ta Ingila ta yi nazarin ɓeraye mata masu dabbare-dabbaren gashi, ta ce kowace ƙwaya kan kashe X na uwa ko na uba bisa katari, sannan duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta su gaji wannan zaɓi.

To, yaya ƙwaya take tuna zaɓin bayan ta rabu sau dubbai? Arthur Riggs ne ya kawo amsa a 1975, kuma hasashensa ya cancanci yabo, domin ya riga hujja zuwa. Ya ce ɗan ƙaramin sinadarin metil ne ke maƙalewa a kan harafin C na DNA, a inda G ke biye da shi, kuma duk lokacin da aka kwafi DNA sai a kwafi alamar tare. Hujjar ta zo a 1981, lokacin da Mohandas, Sparkes da Shapiro suka yi amfani da maganin 5-azacytidine mai hana maƙalewar metil, sai ga ƙwayar gado ta HPRT a kan kulallen X na ɗan Adam ta farfaɗo.

Sai dai metil ba shi ke rufe ƙofar ba, kwaɗo ne da ake ɗanawa bayan an rufe. Binciken 1987 a kan ɓeraye ya nuna shirun yana riga shi zuwa, kuma a 1991 aka gano ƙwayar gado ta XIST, wadda RNA ɗinta ke lulluɓe kromosom ɗin tun farko. Kullen ma bai game ko'ina ba: a 2005 Carrel da Willard suka gano kusan kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin gadon suna kuɓucewa. A 2007 Hellman da Chess suka ƙara wani abin mamaki: a bakin ƙwayoyin gado ne metil ya fi yawa a kulallen X, amma a cikinsu ya fi yawa a X mai aiki.