Shan Maganin Ciwo Bayan Cire Turmin Haƙori na Ƙarshe

Turmin ƙarshe shi ne haƙorin da yake can ƙuryar baki, sama da ƙasa, wanda yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa ba ya samun isasshen wuri, sai ya karkace ko ya maƙale cikin dasashi, har ta kai likita ya cire shi. A jiharmu akan yi wannan aiki a manyan asibitocin Gusau, irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Mai jinya da ya zo daga Tsafe ko Bunguɗu yakan koma gida a ranar, allurar kashe zafi ta sake shi yana nesa da likita. Saboda haka muka tanadi wannan bayani.

Yadda ciwon yake tafiya

Allurar takan daina aiki bayan 'yan sa'o'i. Zogi yakan fi tsanani a daren farko da washegari, kumburi kuma yakan kai matuƙa a kwana na 2 ko na 3. Daga nan sauƙi yake farawa, cikin mako guda mafi yawan mutane sun koma harkokinsu. Ya fi kyau a sha maganin farko tun kafin allurar ta gama sakin baki.

Magungunan da aka fi dogara da su

A shekarar 2024 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa ibuprofen da danginsa, su kaɗai ko haɗe da farasitamol, su ne zaɓin farko bayan cire haƙori. Dukansu suna da araha kuma ana samunsu a garuruwanmu.

Farasitamol: babba yana shan miligiram 500 zuwa 1,000, a bar tazarar sa'a 4 zuwa 6. Kada a wuce miligiram 4,000 a kwana ɗaya, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wuce haka yana lalata hanta. A lura, magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki.

Ibuprofen: miligiram 400 kowace sa'a 8, bayan an ci abinci. Yana rage kumburi da zogi tare. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu, mai asma da mai shan maganin tsinka jini kada su sha sai da izinin likita. Ba a haɗa shi da diclofenac, domin dangi ɗaya ne, haɗa su yana ƙara illa ga ciki da ƙoda.

Wannan awo na manya ne. Abin da likita ya rubuta shi ne abin bi.

Abin da za a guje masa

Asfirin yana hana jini tsayawa, don haka bai dace da sabon rauni ba. Garin Alabukun yana ɗauke da asfirin. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda ciwon zuciya ya faɗa kafin aiki, kada ya daina da kansa.

Tramadol da kodin suna sa jiri da barci, kuma jiki yana sabawa da su har a kasa bari. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ba a shan tramadol sai da takardar likita, wanda ya sha kuma kada ya tuƙa babur ko mota.

Kafso na kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoxicillin, ba maganin zogi ba ne. Idan likita ya rubuta, a sha yadda ya tsara.

Kula da ramin haƙorin

Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfin da yake kare ƙashi. A sa'a 24 ta farko kada a kuskure baki da ƙarfi ko a riƙa tofar da yawu. Bayan nan a kuskure a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. A bar taba da goro, a nisantar da asuwaki daga wurin, a sha kunu ko koko da ya huce. Kada a cusa ƙwaya, kanwa ko wani gari a ramin.

Lokacin komawa asibiti

Idan ciwo ya ƙaru a kwana na 3 zuwa na 5, yana harbawa zuwa kunne, baki yana wari, mai yiwuwa gudan jinin ya fita. Ƙara ƙwaya ba ya magance wannan, likita ne zai wanke ramin ya sa magani. Haka nan a gaggauta zuwa asibiti mafi kusa idan jini ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga mai tsabta na minti 30, ko aka sami zazzaɓi, ko ruwa ya taru. Kumburin da ya gangara wuya har haɗiya ko numfashi ya yi wuya yana iya kisa, ba a jiran gari ya waye.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu da su isar da wannan bayani ga jama'a, su kuma faɗakar da su su sayi magani a kyamis mai rajista, su duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adin maganin zai ƙare.