Waiwaye Adon Tafiya: Sojojin Pentagon da Harin 11 ga Satumba

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2001 ba zai manta da ranar Talata 11 ga watan Satumba ba. A ranar ne mutum 19 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka ƙwace jiragen fasinja huɗu a Amurka. Biyu suka daki tagwayen benayen nan na birnin Niyok, ɗaya ya faɗa wa Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaro da ke gefen Washinton, na huɗun kuma ya faɗi a wani fili a jihar Pennsylvania bayan fasinjoji sun yi kukan kura sun auka wa maharan. Mutum 2,977 suka rasu, ban da su maharan.

To, mu dai jiyau ne, a rediyo labarin ya iske yawancinmu. Saboda haka a wannan fitowa za mu waiwayi ranar ta bakin ganau, wato sojojin da abin ya rutsa da su. Sashen tarihi na rundunar sojan Amurka ya bi su da rikoda ya ɗauki bayanansu, wasu kuma suka yi hira da 'yan jarida daga baya. In mutum ya bi labaransu zai ga abu guda: abin da ya zauna musu a rai shi ne yadda suka ceci juna cikin wuta da hayaƙi. Abin da aka yi da sunansu bayan nan kuwa, yaƙi ne na shekara ashirin wanda ya ci mai laifi da marar laifi.

Cikin hayaƙi

Pentagon wani makeken gini ne mai kusurwa biyar, mutum sama da 20,000 ke aiki a ciki. Wani abin mamaki, ran 11 ga Satumba na 1941 aka fara gininsa, shekara 60 cif kafin harin. Da ƙarfe 9:37 na safe agogonsu, wato 2:37 na rana agogonmu, jirgin kamfanin American Airlines mai lamba 77 ya daki ɓangarensa na yamma. Mutum 125 suka mutu a cikin ginin, sojoji 55 da farar hula 70, sai kuma mutum 59 da ke cikin jirgin. Mafi girman muƙami cikin mamatan shi ne Laftanar Janar Timothy Maude, mai kula da harkokin ma'aikata na sojan ƙasa. Ɓarnar ma ta zo da sauƙi ne, domin ba a daɗe da yi wa wannan ɓangare kwaskwarima ba, an ƙarfafa bango da tagogi, kuma ba duka ofisoshi aka gama tarewa ba. Ginin ya jure kamar rabin sa'a kafin ya rufta, a wannan ɗan tsakani ne jama'a da yawa suka tsira.

Laftanar Kanar Brian Birdwell yana ofis tare da wasu mata biyu abokan aikinsa, suna kallon abin da ke faruwa a Niyok a talabijin. Sai ya fita kewayawa. Yana kan hanyar dawowa jirgin ya shigo. Wuta ta cinye kashi 60 cikin ɗari na jikinsa, har ya sallama, ya yi addu'arsa yana jiran mutuwa. Matan nan biyu ko ɗaya ba ta fita ba. Shi kuwa mai rabon ganin baɗi, an yi masa aiki sau 39, ya tashi, har aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawan jihar Texas a 2010. Kun ga dai, 'yan taku kaɗan ne suka raba shi da abokan zamansa.

Wata hafsa, Laftanar Kanar Marilyn Wills, tana cikin taro a hawa na biyu sai wuri ya yi duhu, ko tafin hannu ba a gani. Da rarrafe ta ja ayarin mutane suna laluben taga. Rigar sanyinta da ta jiƙe da ruwan kashe gobara ita suka riƙa miƙa wa juna don su samu su yi numfashi. Da suka kai tagar, aka riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa suna tarewa.

A ɓangaren mayaƙan ruwa kuma, wani likitan soja mai suna David Tarantino da Kyaftin David Thomas sun kutsa ta wani rami, suka iske wani tsohon soja ɓaraguzai sun danne shi a teburinsa, wuta na matsowa. Likitan ya kwanta rigingine, ya tokare kayan da ƙafafunsa har aka zaro mutumin. Da suka fito, sai Kyaftin ɗin ya fizge ƙyallen sunan da ke ƙirjin likitan ya riƙe, don kada ya manta da wanda suka shiga wuta tare. Kafin ranar ba su san juna ba.

Su ma na sama suna da nasu labarin. A sansanin Andrews aka umarci matuƙan jiragen yaƙi biyu, Marc Sasseville da wata ƙaramar hafsa Heather Penney, su tashi su tare jirgi na huɗu kafin ya iso Washinton. Ba lokacin ɗora makamai masu linzami, haka suka tashi. Shawarar da suka yanke ita ce su yi karo da jirgin, shi ya daki kai, ita ta daki wutsiya. Ashe fasinjoji sun riga su, jirgin ya riga ya faɗi. Sai da aka yi shekara goma, a 2011, sannan ta ba duniya wannan labari, kuma abin da take nanatawa shi ne fasinjojin nan su ne jarumai.

Aiki mafi ɗaci ya faɗa kan wata runduna da ake kira Old Guard, waɗanda sana'arsu faretin ban girma ne da rakiyar gawa a maƙabartar sojoji ta Arlington. Samari ne ƙanana, su aka sa tonon ɓaraguzai da kwasar abin da ya rage na gawarwaki kwana da kwanaki.

Abin da ya biyo baya

Masu iya magana sun ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Kwana uku da harin, majalisar dokokin Amurka ta ba Shugaba George Bush izinin amfani da ƙarfin soja. A majalisar wakilai mace guda tak, Barbara Lee, ta ƙi amincewa, tana gargaɗin a yi hattara. Ran 7 ga Oktoba 2001 aka fara luguden wuta a Afganistan, inda gwamnatin Taliban ta ba Usama bin Ladan mafaka. A watan Maris na 2003 aka auka wa Iraƙi, alhali cikin maharan nan 19 babu ɗan Iraƙi ko guda: 15 'yan Saudiyya ne, biyu daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya Masar, ɗaya Labanon. Makaman ƙare dangin da aka fake da su ba a same su ba.

Samari da yawa sun shiga soja saboda zafin abin da suka gani a talabijin. Wanda ya fi shahara shi ne Pat Tillman, ɗan wasan ƙwallo da ya bar kwangilar dala miliyan 3.6 ya sa kaki a 2002. An kashe shi a Afganistan ran 22 ga Afrilu 2004. Da farko hukuma ta ce abokan gaba ne, sai daga baya ta bayyana cewa harsashin 'yan uwansa sojoji ne ya same shi bisa kuskure. Iyayensa sun yi shekaru suna fafutukar a faɗa musu gaskiya.

Sojojin Amurka Musulmi kuwa sun shiga tsaka mai wuya. Kyaftin Humayun Khan ya rasu a Baƙuba ta Iraƙi a 2004, lokacin da ya tsayar da yaransa ya tunkari wata mota da bai yarda da ita ba, bam ya tashi da shi. Shi kuma Kyaftin James Yee, limamin soja a sansanin Guantanamo, an kama shi a 2003 bisa zargin leƙen asiri, ya yi kwana 76 a kulle shi kaɗai, daga ƙarshe aka janye tuhumar. Farar hula ma ba su tsira ba. Kwana huɗu da harin wani ya bindige Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a jihar Arizona. Mutumin nan ɗan addinin Sikh ne daga Indiya, rawaninsa da gemunsa kawai suka ja masa.

An kashe Bin Ladan a Abbottabad ta Pakistan ran 2 ga Mayu 2011, amma yaƙin ya ƙara shekara goma. Sojan Amurka sama da 2,400 suka mutu a Afganistan, sama da 4,400 a Iraƙi. Wani bincike na Jami'ar Brown ya ƙiyasta farar hular Afganistan da aka kashe sun haura 46,000, ya kuma nuna a 2021 cewa sojoji da tsofaffin sojojin wannan zamani fiye da 30,000 sun kashe kansu, wato ninki huɗu na waɗanda suka mutu a fagen daga. Ran 15 ga Agusta 2021 Taliban suka sake shiga Kabul. Ran 26 ga wata bam ya tashi a ƙofar filin jirgin sama, ya kashe 'yan ƙasar kamar 170 da sojan Amurka 13, waɗanda yawancinsu suna goye ko suna tatata lokacin harin 2001. Ran 30 ga wata sojan ƙarshe ya hau jirgi.

Shi Pentagon an gyara shi cikin shekara guda. A wurin da jirgin ya shiga an yi ɗakin ibada wanda mabiya addinai daban-daban ke amfani da shi, har da Musulmi. A 2008 aka buɗe dandalin tunawa mai kujeru 184, an jera su bisa shekarun mamatan, daga yarinya 'yar shekara 3 zuwa dattijo ɗan shekara 71.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da abin da ya faru a bayan teku? Ai ruwan ya iso mu. A Oktoban 2001 zanga-zangar ƙin jinin yaƙin Afganistan ta rikiɗe ta zama tarzoma a Kano, aka yi asarar rayuka da dukiyar mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Oktoban 2017 kuma an yi wa sojojin Nijar da na Amurka kwanton ɓauna a Tongo Tongo, Amurkawa huɗu suka mutu tare da 'yan Nijar, kuma sai a 2024 sojan Amurka suka bar sansaninsu na Agadas.

Mu da muke zaman baƙunci cikin wasu ƙabilu, mun fi kowa sanin yadda ake ɗora laifin mutum guda a kan duk mai irin shigarsa da harshensa. Abin da ya sami mai rawanin nan na Arizona ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Saboda haka duk ranar da labari mai zafi ya iso, daga gida ne ko daga waje, wajibin dattawa da sarakunanmu ne su riƙe samari, mu kuma kada mu yi wa baƙon da ke garuruwanmu abin da ba mu so a yi mana a nan.

Sannan akwai namu sojojin. Tun 2009 ake tura 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu fagen fama da Boko Haram, da yawa suna dawowa barikokin da ke kusa da unguwanninmu, jiki lafiya amma zuciya da ciwo. Amurkawa sun ɗauki bayanan nasu tun abin yana da ɗumi, shi ya sa yau muke iya ba ku labarin Birdwell da Wills. Namu fa, wa ya zauna ya saurare su? In akwai tsohon soja ko matar marigayi a layinku, a gaishe su, a ji ta bakinsu, masu ilimin cikinmu kuma su rubuta kafin ƙasa ta rufe ido. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.