Daga ungozoma zuwa majo: wa ke yanke shawara a kan mai naƙuda?

A wannan taƙaitaccen nazari za mu bi sawun kalmomi uku, wato ungozoma, likita da majo, domin su haska mana tarihin jinya a kudancin Nijar.

Kafin zuwan Nasara, ungozoma ba ta cika karɓar haifuwa ba. Mace kan durƙusa ita kaɗai. Sai jinjiri ya faɗo a kira tsohuwa ta yanke cibiya. In naƙuda ta yi tsawo, shawara na hannun miji da tsofaffin gida: ko rubutun malam, ko yankan gishiri.

A 1905 Faransa ta kafa hukumar kiwon lafiyar ƴan ƙasa a yankinta na Afirka ta Yamma, a 1918 kuma ta buɗe makarantar likitoci a Dakar, da sashen ungozomomi. Waɗanda suka fito ba su wadaci karkara ba, sai ma'aikacin jinya ya riƙe ɗakin magani, yana dubawa, yana rubuta magani. Shi ya sa "likita", aron Ingilishi, ta haɗe dokta da ma'aikacin jinya, har da ginin kansa; "majo" kuwa, aron Faransanci, shi ne shugaban wurin.

A 2005 gwamnati ta mai da tiyatar haifuwa kyauta. Majo ke ganin alamun haɗari, kamar zubar jini ko jijjiga, ya tura mace babban asibiti. Sai dai ba ya ganinta sai gida ya yarda ta fito. A ganinmu, a wannan jinkirin ne tsohon tsari yake raye, kuma cikinsa ne mata da yawa ke rasa rai.