Tashar Juyen Shara da Rikicin Kuɗinta a Gundumomin Amurka

Har zuwa shekarun 1970 kusan kowane ƙaramin gari a Amurka yana da jujinsa a bayan gari, inda motar shara ke zubar da kayanta ta juyo cikin ɗan lokaci, babu wanda ya damu da ruwan ƙazantar da ke tsiyaya yana shiga rijiyoyin maƙwabta. Dokar tarayya ta 1976 kan sarrafa shara, da ƙa'idojin da Hukumar Kare Muhalli ta fitar a 1991, su suka kawo ƙarshen wannan hali, domin sun wajabta shimfiɗa rufi a ƙasan juji, da tattara ruwan da ke fita daga cikinsa, da sa masa ido shekara 30 bayan an rufe shi. Ƙananan garuruwa ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba, sai yawan jujin da ke aiki ya ragu daga kusan 8,000 a 1988 zuwa ƙasa da 2,000, waɗanda suka rage kuwa manya ne masu nisa.

Nisan nan ne ya yawaita tashar juyen shara, wato rumfa mai faffaɗan daɓen siminti inda motocin da suka zaga unguwanni ke hawa sikeli a auna su, su juye kaya a ƙasa, sannan katafila ta tura shi cikin tirela mai cin lodin mota uku ko huɗu. Lissafin da masana aikin suka saba yi shi ne, idan juji ya wuce mil 15 zuwa 20, gina tasha ya fi arha a kan barin motar kwasa da ma'aikatanta suna ɓata rabin yini a hanya. Sai dai wannan lissafi ya dogara ne da yawan tan da ke shigowa, tunda da kuɗin zubarwa, wanda ake karɓa kan kowane tan, ake biyan bashin gini.

Garin Clarkstown da ke gundumar Rockland a jihar New York ya gane haka da wahala. Bayan ya amince a 1989 zai rufe jujinsa, sai ya ba wani ɗan kwangila ya gina tasha a kan dala kusan miliyan 1.4, ya gudanar da ita shekara biyar, daga nan garin ya saye ta dala ɗaya. A madadin haka garin ya yi alkawarin tan 120,000 kowace shekara a kan dala 81 kowane tan, farashin da ya ɗara na kasuwa, don haka ya kafa doka cewa duk sharar garin sai ta bi ta wannan tasha. Kamfanin Carbone, wanda ke kai shararsa wasu jihohi da rahusa, ya ƙi, kuma a 1994 Kotun Ƙoli ta soke dokar, tana mai cewa ta tauye ciniki tsakanin jihohi.

Gundumomin Oneida da Herkimer, su ma a New York, sun bi wata hanya: su ma sun kafa irin wannan doka, amma hukumar gwamnati ce ta mallaki wuraren da ake kai sharar. Masu kwasar shara sun yi ƙorafin ana karɓar dala 86 kan tan, alhali a wajen jihar za su iya zubarwa a kan dala 37 zuwa 55 har da kuɗin mota, amma a 2007 kotun ta bar dokar gundumomin, saboda ba ta fifita wani ɗan kasuwa a kan wani ba, tsadar kuma a kan mazauna da suka zaɓi shugabannin da suka kafa ta take sauka.

Tun daga wannan hukunci, gundumar da ta ba ɗan kasuwa tasha tana tsira daga bashin gini amma ba ta da ikon tilasta wa kowa kawo mata shara, wadda ta gina da kuɗinta kuwa tana da wannan iko tare da bashin.